Tokar Inna da Babur ɗin Baba

Babur ɗin mahaifinmu ya daɗe a jingine a zauren gidanmu na Gumel bayan rasuwarsa, har kaji suka mai da shi wurin kwana. Malamin dabbobi ne, Allah ya jiƙansa, kuma a kan babur ɗin nan ya ƙarar da ƙarfinsa yana bin rugage yana yi wa shanu allura, daga Gagarawa har can bayan Ɗanzomo. Babur ɗin tsohon ƙira ne mai nauyi, irin wanda fitilarsa da salansarsa da gefen tankinsa suke da wankin kurom, wato farin ƙarfen nan mai ɗaukar ido. Lokacin da Baba yake raye ba mai goge masa shi sai Inna. Takan tankaɗe tokar karan gero, ta ɗan jiƙa tsumma, ta bi ƙarfen lungu-lungu kamar yadda take yi wa kwanukan ɗakinta.

Da ya rasu sai ta daina, tsatsa ta samu gari. Ita ma Innar ta shiga wani irin shiru da ba mu san ta da shi ba. Abinci sai an matsa mata, hira kuwa sai dai a yi a gabanta. Wata rana na dawo daga ofis na tarar da ita tsaye a zaure tana shafa fitilar babur ɗin da bakin mayafinta, tsatsar tana bin yadin. Da ta gan ni sai ta wayance da korar kaji. Abin ya tsaya mini a rai, na ƙudurta sai na tayar da babur ɗin nan, ko don hannunta ya sake samun abin yi.

Na kai maganar wajen Yaya, babban wanmu, wanda ke harkar riɗi a Maigatari. Ya yi na'am, amma Yaya irin mutanen nan ne da in ka gayyace su cin tuwo sai su karɓe maka murhun. Nan take ya zama shugaban aiki. Inji bai ba mu wahala ba, bakanike ya tayar da shi. Rigimar a kan ƙarafan nan masu ƙyalli ta tashi. Ni na ce a kai su Kano a sake yi musu wankin kurom na gaske. Shi ya ce wannan aikin mutanen da ne, yanzu akwai wata hoda da ake fesa wa ƙarfe a gasa shi a tanda, ya fito fari tas, ba ya tsatsa, ga sauri ga sauƙi, kuma takan rufe ramukan da tsatsa ta ci. Ya ce wani abokin cinikinsa na ƙetaren iyaka haka ya yi wa babur ɗinsa, ko kusa ka zo ba ka bambancewa.

Na ce masa araha ba ta ado. Ya ce ai mu ma'aikatan gwamnati in ba mu ja abu ya yi tsawo ba, ba ma jin mun yi aiki. Mun ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Inna tana ji, amma Yaya ɗan fari ne, ko sunansa ba ta faɗa balle ta musa masa a gaban mutane. Babban wa magajin uba, dole na haƙura, amma ranar ko tuwon dare ban iya ci ba don haushi.

Tsakani da Allah, da kayan suka dawo sun yi kyau. Jikin babur ɗin an yi masa baƙar hoda, ita kam har yau ba ni da abin cewa a kanta, ta zauna daram. Fararen ma in ka hango su daga bakin titi sai ka rantse sababbi ne. Sai ka matso ka ga haskensu irin na takardar alawa ne, ka leƙa fuskarka ka ga inuwa kawai. Yaya ya zagaya unguwa a kai yana ta danna oda, ya jingine shi a zaure, ya dube ni ya ce gani ya kori ji.

Washegari da hantsi Inna ta fito da tokarta da tsummanta. Ba wanda ya gaya mata kada ta yi, don ba wanda ya kawo abin a ransa. Masu hodar nan ba su san akwai gidan da ake wanke babur da toka ba, mu kuma da muka sani ba mu san hodar fata ce kawai a kan ƙarfe ba. Ta fara da fitila. Tana gogawa hasken yana mutuwa, ita kuma a saninta in ƙarfe ya dushe ƙara masa toka ake yi, sai ta ƙara. Kafin matata ta ankara, fitila da gefen tanki sun koma kalar tsohuwar tukunyar dalma, duk zane-zane.

Da na dawo na same ta zaune a ƙasa kusa da babur ɗin, tsumman yana cinyarta.

"Auta, na ɓata muku aiki," in ji ta. "Abu ɗaya da Malam ya bari, shi ma hannuna ya lalata shi. Ashe tsufa har hannu yake ci."

Na yi rantsuwa, na yi bayani, na ce laifin hoda ne, amma ko kallona ba ta yi ba. Ta shige ɗaki, shirun da muke neman maganinsa ya dawo ya ninka na da. Ta daina bi ta zauren ma, in za ta fita sai ta ƙofar baya. Yaya kuwa da ya zo ya gani, cewa ya yi a mayar a sake fesawa, sannan a hana tsohuwa taɓawa. A nan ne na fusata. Na ce masa to don wa muka gyara? Ban jira amsarsa ba, na ɗauko sifana na kwance kayan da kaina, na zuba a buhu, na nufi tasha.

Wurin masu wankin kurom a Kano ba wurin shaƙatawa ba ne. Rumfa ce mai warin da ke shaƙe maƙogwaro, ga manyan bahuna cike da ruwan magani, ga wayoyin lantarki sun ratsa ta kansu. Mai wurin ya jujjuya kayan, ya ce sai an ƙone hodar an kankare ta, a goge ƙarfen har ya yi sumul, don kurom ba ya rufa wa rami asiri, ƙara tona shi yake yi. Daga nan a tsoma shi a ruwan jan ƙarfe, a sake gogewa, a tsoma a wani, kurom ɗin shi ne na ƙarshe. Ya ɗaga zoben fitilar ya ce wannan ya yi siriri, in tsautsayi ya gitta injin guga zai huda shi. Na tambaye shi abin da ya kawo ni: in an gama, zai jure toka? Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce bai taɓa jin wannan tambaya ba, amma in tankaɗaɗɗiya ce mai laushi ba yashi a ciki, a goga har a gaji.

Aikin ya ja lokaci. Na yi ta sintiri tsakanin Gumel da Kano har direbobin tasha suka fara yi mini kirarin angon salansa. Duk juma'a Yaya sai ya tambaye ni ko an haifi kurom ɗin, a sa ranar suna. Na cije. Zoben fitilar bai huje ba, kuma ranar da na kwance tsummokaran da aka naɗo kayan a ciki, sai da bakanike ya yi salati. Hasken mai zurfi ne, da ɗan shuɗi-shuɗi a ciki kamar ruwan rijiya.

Da aka ɗaura komai, ban hau ba, ban danna oda ba. Na aika aka kira Yaya daga Maigatari. Na turo babur ɗin har tsakar gida, na shiga madafa na tankaɗe toka da hannuna, matata tana yi mini dariya, na kai ƙofar ɗakin Inna na ajiye.

"Inna, ga shi nan ya yi ƙura. A goge mana."

"Ka rufa mini asiri, Auta. Sau ɗaya ai ya isa."

"In ya dushe, ni na ɓata, ba ke ba."

Ta daɗe tana kallon kwanon tokar. Can ta fito, ta durƙusa, ta taɓa gefen tankin da yatsa ɗaya kamar mai gwada zafin tukunya. Ta ɗan goga kaɗan, ta tsaya, ta share da gefen tsumma. Wurin ya fi ko'ina haske. Ta sake gogawa, wannan karon da ƙarfi, kafaɗarta tana motsi yadda na san ta tun ina yaro. Na saci kallon Yaya, na ga ya cire hula yana sosa ƙeya. Daɗin da na ji ranar, ko ƙarin girma aka yi mini a ofis albarka. Na dai tabbatar ya ga haƙorana duka.

Da ta zo kan fitila sai hannunta ya tsaya. Ta matsa kusa, ta karkata kai, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta. Ta jima tana duban matar da ke cikin ƙarfen.

"Haka na koma, ba wanda ya gaya mini?" in ji ta. Ta juya wajen matata. "Ke, ɗauko mini tandun kwallina, yana ƙarƙashin gado."

Sai a lokacin na lura, tun da ta fita takaba kwalli bai taɓa idonta ba. Aka kawo, ta zauna a gaban fitilar ta ja shi a nutse, ido ɗaya bayan ɗaya. Da ta gama ta miƙa wa Yaya tsumman ba tare da ta dube shi ba, ta ce a gaya wa wancan salansa ta rage, ita bayanta ba ya sunkuyawa. Yaya ya naɗe hannun babbar rigarsa ya durƙusa.