Takalmin Hagu

Yayana mai gyaran takalma ne. Shekara talatin da 'yan kai yana zaune a rumfa ɗaya, a kusurwar titin da ya fuskanci babban zauren wasanni. Mutanen layin suna kiransa Dunduniya, don bai taɓa kallon fuskar mutum kafin ya kalli ƙafarsa ba. Ka gaishe shi, kafin ya amsa sai ya ce maka, "Kana jan ƙafar dama." Ni ƙanwarsa ce, shagon ɗinkina na jikin rumfarsa, kuma na sha gaya masa wannan hali ba kyau, amma ko a jikinsa.

Yana da wata ɗabi'a kuma. Duk takalmin da ya gyara, baƙi ne ko fari, sai ya ƙarasa ɗinkin da jan zare, ƙulli biyu, ta ciki inda ido ba ya kai wa. Na taɓa tambayarsa amfaninsa. Ya ce, "Aikina ne, ina so in gane shi in mun haɗu."

Matarsa ta daɗe da rasuwa. Manyan 'ya'yansa biyu aiki ya yi nisa da su, sai Auta ta rage masa, shekararta goma sha tara, ga surutu ga son waƙa. Da aka ce za a yi babban wasan kiɗa a zauren, sati guda tana roƙonsa yana cewa a'a. Ni na sa baki. Na ce, "Haba Yaya, tsallaken titi ne fa, ba wata uwa duniya ba." Wannan maganar har yau tana min ɗaci a baki.

Da yammacin ranar maɗaurin takalminta ya tsinke. Tana tsaye da ƙafa ɗaya, ta dafa kafaɗata, tana ta "Baba, yi sauri, ƙawayena na jira." Ya gama, ya miƙa mata, ya ce ta ba shi ɗayan ma, shi ba ya gyara ƙafa ɗaya ya bar 'yar'uwarta. Ta tura baki, ta cire ta ba shi.

Abin da ya faru a cikin zauren ban gani ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Mun rufe shago mun tafi gida. Abin da kowa ya sani shi ne ana tsakiyar waƙa wasu mutane suka shiga da bindigogi, wani abu ya fashe kusa da ƙofar fita, jama'a suka yi ta taka juna. Wayar Auta ta yi ta ƙara ba a ɗauka, daga baya ta mutu.

Washegari muka zagaya manyan asibitoci uku. A kowace ƙofa an manna takarda biyu, ta waɗanda suka ji rauni da ta waɗanda suka rasu. Yaya ba ya iya kallon ta biyun, ni nake karantawa. Sunanta ba ya cikin ko ɗaya. Ban san ko in gode wa Allah ba ko in fasa ihu.

Garin kuwa ya zama wani iri. An jibge furanni da kyandir da hotuna a bakin shingen 'yan sanda, har gaban rumfar Yaya. Wasu na kuka da gaske, wasu sun zo ɗaukar kansu hoto ne, su na tsana. Wani ɗan jarida ya tura min abin magana a baki yana tambaya yaya nake ji, na ce ya matsa kafin ya ji. Jita-jita ta cika waya: an ce maharan za su dawo, an ce suna cikin mota, an ce suna nan a layinmu. Tayar wata mota ta fashe da rana, titi gaba ɗaya ya watse, mata na zubar da kaya. Ni kaina sai ganina na yi ƙarƙashin keken ɗinki, ban san yadda na shiga ba. Duk wanda ya rataya jaka, sai a dare a ba shi hanya.

A rana ta uku 'yan sanda suka fito da abin da mutane suka bari a guje, suka zube a harabar zauren don dangi su duba. Galibi takalma ne, tsibi guda, ɗaruruwa, ba wanda ke tare da ɗan'uwansa. Yaya ya tsallaka ya ce wa babbansu, "Ranka ya daɗe, sana'ata ce, bari in haɗa muku su." Aka bar shi.

Na tsaya ina kallonsa. Yana ɗaukar takalmi, ya dubi yadda dunduniyar ta ci, ya nemo ɗayan a cikin tsibin, ya jera su a gindin bango. Wata mata ta gane na ɗanta, ta rungume su ta zube a ƙasa. Mutane na ta sa masa albarka. Ni kaɗai na lura kowane takalmin mace ya ɗauka, sai ya zura babban yatsa ciki ya lalubi ƙulli. Kuma tsoro nake kada ya samu, tsoro nake kada ya rasa.

Wajen azahar ya tsaya cak. Farin takalmin Auta ne, na hagu, maɗaurin ya sake tsinkewa. Ya birkice tsibin sau biyu, na dama babu.

"To tana sanye da shi," in ji shi. "Duk inda take, yana ƙafarta."

Ya jefa shi a tsohuwar jakar kayan aikinsa, muka koma bin asibitoci, wannan karon har ƙanana na bayan gari. A na huɗu, mai gadi ya hango dattijo da kumburarriyar jaka, yana sauri, ido ja. Ya daka tsawa. Masu jinya suka watse, wani ɗan sanda ya ɗaga bindiga.

"Ajiye jakar! Durƙusa!"

Yaya ya durƙusa a kan siminti. Ina ihu ina cewa mai gyaran takalma ne, ba mai jina. Yaron da ke riƙe da bindigar ya fi mu tsorata. Aka ce ya buɗe a hankali. Ya zazzage: basilla, guduma, gwangwanin gam, dunƙulen jan zare, da takalmi ƙafa ɗaya.

Wata mai shara ce ta fara matsowa, da tsintsiyarta a hannu. Ta sunkuya ta leƙa cikin takalmin.

"Baba, ni na ƙulle ɗan'uwan wannan a leda," ta ce. "Da jan zare a ciki. Wani mai mota ne ya kawo yarinyar, ba waya ba suna, fuskarta a kumbure. Tun ranar ba ta farka ba sai yau da safe."

"Tana da rai?"

"Tana da rai. Amma Baba, ka daure."

Ta kai mu bene na biyu, gado na ƙarshe kusa da taga. Bandeji ya rufe rabin fuskar, amma Auta ce. Ta buɗe ido ɗaya ta ce, "Gwaggo." Na faɗa kanta ina kuka ina neman gafara.

Yaya bai kalli fuskar ba tukuna, halinsa ne. Idonsa na ƙarshen gadon, inda bargo ya tashi a gefen hagu, ya kwanta shafe a gefen dama daga gwiwa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya sumbaci goshinta, ya zauna a ƙasa, ya jingina da ƙafar gadon, ya ɗauko takalmin hagun da basilla. Sau uku yana ƙoƙarin zura zaren, yana kasawa.

"Zura min," ya ce.

Na karɓa na zura masa, ya fara ɗinke maɗaurin.