Wasan da Kiran La'asar Ya Yanke

Har gobe ba zan manta da ranar da muka kai wasan kwaikwayo wani ƙauye a bakin kogin Kaduna, gaba da Zungeru, ba. Ni direba ne a sashen wayar da kai na ofishinmu a Minna. Aikina in kai ma'aikata in dawo da su. A daminar nan ɗaya daga cikin 'yan wasanmu ya kwanta zazzaɓi, sai shugabar sashe, Madam Rifkatu, ta miƙo mini takardar wasan ta ce, "Malam Isiyaku, ba kana zuwa ajin manya a Barkin Sale ba? To, yau karatun zai yi rana." Na bi ta a hankali, baƙi bayan baƙi, har na haddace.

Ga wanda bai san aikin ba, kowane wasa yana da jigo, wato saƙon da ake son isarwa. Namu shi ne kada kowa ya shiga kwalekwale ba rigar kariya. Yana kuma da zubi: a gabatar da mutane, rikici ya taso, ya kai ƙololuwa, sannan a warware. Ni aka ba matsayin Gagarau, matuƙi mai taurin kai, wanda zai nutse a fitowa ta ƙarshe.

Mun isa a makare saboda caɓi. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, nan ne dandalinmu. Wasa ya yi armashi. Da aka miƙo wa Gagarau riga, na wurgar da ita na buga ƙirji na ce, "Kun taɓa ganin kifi da riga?" Wuri ya kece da dariya. Daidai nan ladan ya kira la'asar. Muka tashi duka. Bayan salla hadari ya haɗo, masu tsallakawa suka ruga bakin ruwa, 'yan kallo suka watse. Gagarau bai nutse ba.

Cikin makon Sarkin Ruwan garin ya bugo wa Madam waya, ina jin sa daga inda nake zaune. "Madam, kun ɓata mini aiki! Da na sa doka ana bi. Yanzu duk wanda na ce ya sa riga sai ya ce mini shi kifi ne. Ku zo ku kwashe rigunan da kuka ba mu." Ga kogi a cike, ga ranar kasuwa tafe, mata da yara za su tsallako.

Madam ta roƙe shi ya ba mu safiyar kasuwar. Muka yi shawara a mota, aka tsayar cewa ba za a maimaita barkwancin ba, daga inda aka tsaya za a ɗora. Ina fitowa samari suka hau ihu, "Ga Kifi! Oga Kifi!" Na bar su suka gama. Na hau benci, kwalekwalen ke nan, ya kife. Aka ɗauko ni aka shimfiɗe, aka rufe ni da zane. Ladi, mai fitowa a matsayin matata, ta durƙusa tana kiran sunayen 'ya'yanmu ɗaya bayan ɗaya. Ina ƙarƙashin zanen, ban ji ko tari ba.

Sai na ji an yaye zanen. Wata tsohuwa ce mai sayar da kifi, idonta jawur. "Tashi, ɗan nan, marar jin magana," in ji ta. Ta ɗauki rigar ta zura mini da hannunta, ta ɗaure igiyar tamau. Daga baya aka gaya mini ɗanta a kogin nan ya tafi. Ran nan babu kwalekwalen da ya tashi sai da Sarkin Ruwa ya duba kowa.

Ku da kuka shigo aikin yanzu, ku riƙe wannan. Mutanenmu ba sa kallon wasa don dariya kawai, abin da suka gani a ƙarshe shi suke kaiwa gida. In kun isa gari, kafin ku sauke kaya ku nemi ladan, ku dubi sama. In lokaci ba zai kai ku warwara ba, kada ku fara, domin wasan da ya tsaya a tsakiya mugu ya yi wa aiki.