Zoben Inna a Ramin Yashi

Jama'a, yau bakina ya ja mini kunya a asibitin Madarunfa!

Aikina kwashe yashin da ke kwantawa a ramin ruwan wanke-wanke, kada magudana ta toshe. Masu jinya da yashin tabki suke goge tukwane, kullum muna faɗa. Yau na zura felu na kwaso, sai ga zoben azurfa! Wata tsohuwa mutuniyar Gabi, mai jinyar jikarta, ta matso da sauri.

"Zobena! Marigayi Malam ya saya mini!"

Na ce, "Inna, ku dai da sakaci!"

Ta miƙo hannu. Yatsu kamar tsinke!

"Ba sakaci ba ne, ɗana. Shekara talatin bai taɓa suɓucewa ba, sai yunwar bana."

Na ajiye felun. Na tsinko zare a rigata, na naɗa wa zoben har ya kama yatsan.