Batirin da Na Saya Ina Takaba

Maigidana ya rasu a ƙarshen kaka, lokacin da bishiyoyin layinmu a Soundview, unguwar da muke zaune a Bronx nan ƙasar waje, suka gama zubar da ganye. Ya bar ni da 'ya'ya mata biyu da wata tsohuwar mota ruwan toka mai kwana a bakin titi. Ranar sadakar uku falonmu bai ɗauki jama'a ba, har kan matakala aka zazzauna. Wansa, wanda nake kira Yaya, shi ya zauna a kujerar marigayi yana karɓar gaisuwa. A gaban kowa ya ɗaga murya ya ce, "Maman yara, kada ki sa komai a ranki. Duk abin da ya taso, kira ɗaya za ki yi min." Maza suka yi ta sa masa albarka. Ni ma na yarda da shi.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. Masu tura ni aiki ba su san wata aba takaba ba, 'yan kwanaki suka ba ni suka ce in dawo. Na tambayi limamin masallacinmu, ya ce lalura ce, in fita da rana in dawo in kwana a ɗakina. Haka na riƙa yi. Ina da lasisin tuƙi, don marigayi ya matsa min sai da na koya, amma duk abin da ya shafi cikin mota shi ke yi. Ban taɓa buɗe bonet ba.

Sai hunturun 2014 ya shigo da wani irin sanyi da ko waɗanda aka haifa a garin suna ta maganarsa. Wata safiya na kankare ƙanƙarar da ta daskare a gilashin motar, na shiga, na murɗa makulli. Motar ta yi wani nishi kamar mara lafiya, sannan sai tak-tak-tak. Na sake murɗawa, fitilun gabana suka dushe. Na zauna ina kallon hucin bakina yana tashi, yatsuna sun ƙage a cikin safar hannu. Na kira Yaya.

"Batir ne," ya ce. "Sanyi ke kashe su. Gobe zan shigo in duba."

Gobe ta zo ta wuce. Tsohuwar da nake kula da ita tana can ƙarshen Bronx, sai na hau bas na sauka na sake hawa wata kafin in isa. Na riƙa tsayuwa a tasha iska tana ratsa hijabina har cikin kunne. Ɗan tsohuwar ya fara duba agogo idan na shigo. Ga kuma dokar sharar titi: akwai ranakun da dole ka kawar da motarka daga gefen da za a share. Idan ƙanƙara ta zuba sukan ɗage dokar, amma da suka dawo da ita na tarar da ambulan ruwan lemo a maƙale a gilashi. Tara ce.

Na sake kiran Yaya, matarsa ta ɗauka ta ce ya fita. Da na same shi daga baya, muryarsa ta riga ta gaji da ni.

"Batir ai batir ne, Maman yara. Akwai masu sayar da na hannu, bari sanyi ya lafa in leƙa. Ke ma da kike takaba, me ya haɗa ki da mota? Ki bar ta inda take."

"Yaya, da ita nake zuwa aiki."

"To, Allah ya rufa asiri," ya ce, ya kashe waya.

Ranar Asabar na bar yara suna kallo na sauka. Na daɗe ina lalube a ƙarƙashin sitiyari kafin in gano abin da ake ja bonet ya buɗu. Ga batirin nan a gefe, baƙi, kawunansa biyu sun tara wani farin gari mai kore-kore kamar gishiri ya lalace. Na goge takardar da ke jikinsa da bakin hijabi na ɗauki hotonta da waya. Na koma sama na ɗauko keken da muke tura kayan wanki da shi, na nufi shagon kayan mota da ke babban titi.

Tunda nake ban taɓa shiga irin shagon ba. Warin roba da mai ya tare ni. Bango guda batura ne jere, duk baƙaƙe, duk iri ɗaya a idona. Maza biyu da ke wurin suka dube ni suka dubi keken wankina. Na kusa juyawa. Sai wata mata mai aiki a shagon, mai jin Sifaniyanci, gashinta ya fara fari, ta ce in nuna mata hoton.

Ba ta yi min gaggawa ba. Ta ce abu na farko girma ne, dole batirin ya zauna daidai a mazauninsa, kawunansa su fuskanci inda wayoyin suke. Ta ware min guda uku da suka dace da motar. Sannan ta ɗora yatsa a kan wata lamba da ke jikin kowanne, ta ce wannan ita ce ƙarfin da batir ke da shi na tayar da inji a tsananin sanyi. Idan mota tana kwana a gareji, mai ƙaramar lamba ma ya isa. Ta tambaye ni inda tawa ke kwana. Na ce a titi. Ta tambaye ni ko ina yin doguwar tafiya. Na ce a'a, gida zuwa aiki ne, aiki zuwa gida. Ta ce gajeriyar tafiya ba ta barin batir ya cika, ga kuma sanyi. Ta nuna min wata 'yar zagayayyiyar takarda da ke faɗin watan da aka yi shi, ta ce batir ko a kan kanta yake zaune yana tsufa.

Sai ta ja da baya ta ce, "To, wanne kike so?"

Tun ranar da aka fita da gawar maigidana babu wanda ya yi min wannan tambayar. Inda za a binne shi, abin da za a dafa wa baƙi, wa zai kwashe tufafinsa, duk an yanke ana faɗa min ne kawai. Na tsaya a gaban batura uku idona ya kawo ruwa, har matar ta kau da kai ta shiga gyara wasu kwalaye.

Na zaɓi mai babbar lamba. Da ta ɗauko, na duba zagayayyiyar takardar na ga ya kwana biyu a shagon, na ce ta duba min na baya. Ta yi murmushi ta zaro sabo. Ta ce in dawo musu da tsohon, ba a jefa shi a shara.

Ban san batir yana da nauyi haka ba. Keken wanki ya riƙa karkacewa a cikin ƙanƙarar da ta narke ta koma taɓo, a kowace mararraba sai na ɗaga shi da hannu biyu. Na iso gaban mota ina haki, sai a lokacin na tuna ba ni da ko sifana, kuma ban san wace waya ake fara cirewa ba.

A hawan ƙasa na gidanmu akwai wani dattijo ɗan Puerto Rico da ya bar aiki da daɗewa. Shi da marigayi gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta taga ya hango ni, ya fito da akwatin kayan aikinsa, hula har kunne. Bai tambaye ni komai ba, ya ce in riƙe masa bonet don ƙarfen tokarewar ya karye. Ya cire baƙar waya, ya cire ja, ya kankare farin garin nan da tsohon buroshin haƙori. Tsufa ya rage masa ƙarfi, sai da na taya shi ɗaga sabon. Da ya gama ɗaurewa ya ce in gwada.

Murɗawa ɗaya ta tashi. Dattijon ya ɗaga sifana sama kamar wanda ya ci gasa, ni kuwa dariya ta kuɓuce min. Ita ce dariyata ta farko tun rasuwar. Ban lura ba, ashe wata 'yar garinmu tana wucewa a ɗaya gefen titin da ledojin cefane.

Washegari bayan azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Yaya ne da matarsa da wani dattijon masallaci. Mutumin da na yi ta nema bai samu lokaci ba, ga shi ya samu. Ko rigar sanyinsa bai cire ba.

"An ce an gan ki a titi kina ƙyalƙyala dariya da wani namiji," ya ce. "Kina takaba. Ƙasar kabarin ƙanina ba ta kwanta ba."

"Yaya, na kira ka. Batir ya sa min."

"Ba batir ya kawo ni ba."

Daga nan ya shiga ainihin abin da ya kawo shi. Mota tana cikin gado. Marigayi bai bar ɗa namiji ba, don haka shi ma yana da kaso, mahaifiyarsu ma tana da shi. Kafin a raba, ya fi kyau ta zauna a hannunsa, don a daina jawo wa gidansu magana. Dattijon masallacin ya kafa ido a kan kafet yana jan carbi. Matar Yaya ta ce min, "Ki yi haƙuri, don mutuncinki ake yi."

Na ce ba zan bayar ba. Na san a dokar ƙasar nan ba mai ƙwace min ita, abokiyar aikina ta taɓa faɗa min. Yaya bai yi musu ba, waya ya ciro ya kira Kano ya miƙo min. Surukata ce, tsohuwar da ta riƙe ni kamar ita ta haife ni, tana kuka.

"'Yata, me nake ji? Na rasa ɗana, kada kuma in rasa sunansa. Ki ba yayanku makulli, don Allah."

Ban san abin da aka faɗa mata ba, kuma ban iya tambaya ba. Na ciro makullin daga jaka na ajiye a kan tebur.

Ta taga na kalle su. Ya shiga, ya murɗa, ta tashi nan take. Ko jira inji ya yi ɗumi bai yi ba, ya ja ta suka tafi. Tsohon batirin yana cikin but, ban samu na mayar wa matar shagon ba.

Bayan 'yan kwanaki ya kira ni da kansa, murya a sake. "Maman yara, wane irin batir kika sa wa motar nan? Kin iya zaɓe fa, duk sanyin nan ba ta taɓa yi min gardama ba. Idan takardar garantinsa tana wurinki, ki ajiye min."

Sauran hunturun a tashar bas na ƙarasa shi. Ɗan tsohuwar ya gaji da lattina ya nemi a turo masa wata, aka mayar da ni wani gida mai awoyi kaɗan. Dattijon hawan ƙasa ya tambaye ni ina motar, na ce 'yan'uwa sun karɓa. Ya dube ni, ya gyaɗa kai. Takaba ta ƙare da shigowar bazara. Gado kuwa har yau ba a zauna raba shi ba, ni ma na daina tayar da maganar.

Makarantar Islamiyyar da yarana ke zuwa ƙarshen mako tana da nisa, sai an haɗa bas da jirgin ƙasa, ni kuma na koma karɓar aikin Asabar da Lahadi don in cike gurbi. A hankali suka daina zuwa. Ranar ƙaramar salla muka haɗu da Yaya a ƙofar masallaci, cikin sabuwar shadda. Ya shafa kan ƙaramar, ya tambaye ta karatu, ta amsa masa da Turanci. Sai ya juyo gare ni, a gaban mutane, yana girgiza kai.

"Maman yara, an ce yaran nan sun bar Islamiyya. Ki ji tsoron Allah, amana ce a hannunki."

Na ce masa to. Na kama hannun 'ya'yana muka tsallaka titi.