Wuƙa Mai Garma

Ƙanena ya ba da wuƙar marigayi babanmu, aka ba shi wata 'yar wuƙar aljihu mai naɗewa, kuma bai ga ya dace ya tambaye ni ba. Ban yafe masa a lokacin ba, yanzu ma da na tuna sai na ji wuyana ya yi zafi.

Shekarun farko ne bayan samun mulkin kai, muna wani ƙauye kusa da Funtuwa, auduga ta yi albarka, samari duk sun haukace da kayan kanti. Ita kuwa wuƙar Baba ba ta naɗewa, ba ta lanƙwasa. Ƙarfe ɗaya ne tun daga tsini har ƙarshen ƙota, da ƙusoshin tagulla uku. Ta tsakiyar ta taɓa fita, Baba ya maye gurbinta da wayar keke. Da ita yake yanka ragon layya, da ita yake feƙe mana rake. A gindin ruwanta akwai wani ɗan tambari, sanda da ƙarfe mai baki biyu. A gidanmu garma muke gani, don haka sunanta mai garma.

Na tsare ƙanen nawa a zaure. Ya ce wani mai kayan koli ya ba, ranar kasuwa.

"Yaya, tsohuwar wuƙa ce fa."

"Kai ma za ka tsufa," na ce, "sai mu musanya ka da agogo."

Ranar kasuwa na bi rumfuna ina tambayar mai garma. Mai kolin ya ce ya sayar, bai san wa ba. Wani ya nuna mini rumfar maƙera, wai can ake sayar da garma. Wata Bayarabiya mai kwanuka ta tausaya mini, ta ce in je bayan mahauta, akwai tsofaffin da ba su da aiki sai tara wuƙaƙe da musu a kansu.

Na same su su huɗu a gindin ɗorawa. Na gaishe su, na faɗi abin da ya kawo ni. Babbansu, wani tsohon mahauci mai yatsu tara, ya ce tun yana yaro yake riƙe wuƙa, bai taɓa jin mai garma ba. Raina ya ɓaci. Na durƙusa na zana tambarin a ƙasa da yatsa.

Tsohon ya leƙo daga inda yake zaune, wato ta kai yake kallon zanen. Sai ya buga cinya.

"Ke 'yar nan! Ai mai ƙugiya ce! Wace irin garma? Ƙugiyar rataye nama ce, ga ta nan ƙiri-ƙiri!"

"Baba, garma ce."

"Manomi ko hadari ya gani sai ya ce taki ne."

Ya aika aka ɗauko masa wani ƙunshin fata, ya kwance. Wayyo, jama'a! Ga wuƙaƙe masu irin tambarin nan kwance kamar 'yan'uwan Baba sun zo gaisuwa. Tsofaffin nan suka ruɗe, kowa na janyo ni in ga tasa. Suka nuna mini ta asali mai ƙusa uku, wadda aka daina kawowa kanti tuntuni, da ta baya mai ƙusa biyu, wadda in ka ƙyasta ta da farce ba ta amsawa. Mai yatsu tara ya ƙyasta ta asalin a kunnena, ta yi wani siririn kuka. Kukan wuƙar Baba ne sak.

Na duba su ɗaya bayan ɗaya, babu mai wayar keke. Da na faɗi haka, sai ɗaya daga cikinsu ya ɗaga kai.

"Waya a tsakiya? Na gan ta. Bamagujen nan maharbi na wajen Malumfashi ya riga ni. Shi baka da kibiya yake ce mata."

Aka sake sabon musu. Ni dai na ce su bar ni da suna, su gaya mini hanya. Suka kwatanta mini gidansa, suka ce in san da sani ba ya sayar da wuƙa, amma ya daɗe yana cigiyar jan zakara wanda ba shi da ɗigon fari ko ɗaya. Irin wannan zakaran ɗaya ne a ƙauyenmu, kuma na ƙanena ne.

Shekaru bayan haka, da na shiga ajin yaƙi da jahilci da furfurata, na kai wa malamarmu wuƙar ta karanta mini abin da ke jiki. Ta ce tambarin nan ƙarfe ne da ake jefawa cikin teku don jirgin ruwa ya tsaya. Na yi dariya har da hawaye. Mu da ko kwalekwale sai labari, ina za mu sani? Ni dai har gobe garma ce.

Amma a ranar ban san wannan ba, zakara kawai na sani. Washegari da asuba na shiga akurkin ƙanena na kamo shi, na ɗaure ƙafafunsa, sannan na buga wa mai shi ƙofa. Ya fito yana murza ido.

"Riƙe," na ce. "Kai za ka ɗauke shi har Malumfashi. Motar auduga na bakin hanya."