Shekarar da Muka Kafa Lakwal a Kan Tudu

Har in ajiye alli ba zan manta da ranar da na tsaya gaban kwamitin iyaye da bokitin ruwa a hannuna ba. Ku da kuka shigo aikin koyarwa kwanan nan, ku saurara ku ji yadda aka yi.

A lokacin ina malamar kwantiragi, wato ba a ɗauke ni aikin dindindin ba tukuna, kuma rahoto ɗaya daga direkta, shugaban makaranta, ya isa a jefa ni wani ƙauye can wajen Fulatari. Ina riƙe da CM2, ajin ƙarshe na firamare, a wata sabuwar unguwa da ke gefen Difa, kusa da kogin Kumadugu. Yawancin mazauna wurin baƙi ne: waɗanda rikici ya koro daga tsallaken iyaka, sai 'yan kasuwar Damagaram da suka biyo su da shaguna. Azuzuwanmu uku duk na zana ne, iyaye ke kafa su idan za a koma karatu a watan Oktoba. Sau ɗaya a shekara suke iya haɗa itace da zana. In suka lalace, yara sun yi asarar shekara ke nan, har da nawa masu jiran jarrabawa.

A shekarar mai filin da muke ciki ya karɓi abinsa, dole a nemi wani. Shugaban kwamitin iyaye, Ba Modu, dattijo mai noman tattasai, ya ba da filinsa kyauta a cikin kwari kusa da gidansa, ga inuwar tsamiya, ga famfo. Akwai kuma wani wurin da za a iya kafawa, amma tudun rairayi ne tsirara, ko ƙaya babu. Sabon direktanmu, Mushe Habu, ɗan Damagaram, bai ɓata lokaci ba ya zaɓi kwarin.

Ni kuma na riga na fara tara yarana a gindin bishiya kafin a buɗe lakwal, wato makaranta, muna darasin koguna. Na ce kowa ya tambaya a gida ko suna da dangi a wani gari da ke bakin Kumadugu, kuma yaya ruwa yake a can. Washegari ɗaya ta ce kakarta da ke Gashuwa ta bugo waya, ruwa ya shiga ɗakuna. Wani ya ce gonar shinkafar kawunsa a Haɗeja ta nutse. Na duba taswirar da ke littafina. Ruwan nan ba shi da hanyar da zai bi zuwa tafkin Cadi sai ta ƙofarmu.

Na sami Mushe Habu na faɗa masa. Ya yi dariya ya ce, "Madam, damina ta wuce, bana ma ba mu samu ruwan kirki ba. Dubi sama. Wane ruwa kike tsoro?"

Ban ga laifinsa ba. A garinsu kwari yana cika ne idan ana ruwa, kafin yamma ya ƙafe. Na ce ba gardama na zo yi ba, ya ba ni ɗan lokaci kawai in yi magana a taron kwamiti. Ya dube ni ya ce, "Dattijo ya ba da fili, ke za ki ce a mayar masa? In kika kunyata ni gaban mutane, kin san inda rahotonki zai je." Na ce na sani.

Ranar taro na sa yara suka ja wani dogon rami mai lanƙwasa a gangaren tudun. A sama suka tara duwatsu, su ne tsaunukan Jos da tudun ƙasar Kano inda ruwan ke tasowa. Suka jera katangar tukunya a gefen ramin, kowace a matsayin gari guda. Na tuttule ruwa a kan duwatsun. Yara suna bin sa suna kiran suna: Haɗeja, Gashuwa, Gaidam. Kafin ya kai rabi na kife bokitin, na ce, "Ga shi damina ta ɗauke." Ruwan bai tsaya ba. Ya ci gaba da rarrafe har ya zo ya kwanta a kan katangar da muka kira Difa.

Ba Modu ya gyara hularsa ya ce, "Wannan wasan yara ne, 'yata. Tun da na sauka nan ruwa bai taɓa kai tsamiyar nan ba."

Mushe Habu ya tsuguna yana duban ramin. Can ya ɗago ya ce, "Yaushe zai iso?"

Na ce, "Ban sani ba, Mushe. Littafin bai faɗa ba. Na dai san yana hanya."

Ya miƙe ya karkaɗe wandonsa, ya ce a kafa a tudu, in an yi kuskure a wuyansa. Har yau ina ganin girman mutumin nan.

Makonnin da suka biyo baya sun yi mini nauyi. Rana ta gasa mu, zanar kanta zafi take fitarwa. Yara suna kukan ƙishi, sai na riƙa ɗauro jarkoki biyu a bayan babur ɗina kowace safiya. Wasu iyaye suka hana ƙananan 'ya'yansu zuwa, na bi su gida-gida ina roƙo. A kasuwa masu shaguna suka laƙaba mini Madam Ambaliya. In na wuce sai wani ya ce, "Madam, yau ma mu sayi lema?" Ba Modu ya daina amsa gaisuwata da kyau. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, amma ko sau ɗaya ban ce a koma ba.

A watan Nuwamba ruwan ya zo, sama tas babu ko ɗigon gajimare. Ya cika kwarin, ya kai rabin tsamiyar, ya ci gonaki, gidajen laka suka riƙa zubewa. Wallahi ban ji daɗin cewa na yi gaskiya ba. Mutanen da nake gaisawa da su kullum ne na gani suna hawowa tudu da tabarmi da tukwane a ka.

Ba Modu ma ya hawo da iyalinsa. Shi ya tsara wa jama'a cewa su kwana a azuzuwa, gari na wayewa su naɗe shimfiɗa su fita. Ya ce ko yini ɗaya ba za a tsayar da karatu ba, kuma ba a tsayar ba.

Wata safiya ina rubutu a allo sai na gan shi tsaye a bakin aji. Ya ce, "Madam, akwai saura a baya?"

Na ce, "Akwai, Ba Modu. Jiya an ce har yanzu Gaidam a cike take."

Ya jinjina kai, ya dubi yaran. "To ki koya musu da kyau. Da wani ya koya mini wannan ina yaro, da gidana yana tsaye."

Shi ya sa nake faɗa, abokan aiki, idan kuka zo darasin labarin ƙasa kada ku sa yara su haddace sunan kogi don jarrabawa ku wuce. Ku nuna musu inda ya taso da inda za shi, domin a bakinsa za su gina gidajensu.