Mai Jinyar Hawainiya a Tashar Gidan Rumji

Rana ta take tsaka a tashar Gidan Rumji, ga wani mutum tsaye da shadda mai guga da takalmin buro, ya rungume kwali kamar mai jego.

Cikin kwalin ƴar hawainiya ce. Ƙafafunta sun lanƙwashe, haɓarta ta yi laushi, ko tsinken da ya sa mata ta kasa riƙewa. Duk motar da ta tsaya sai ya ruga ya tambayi direba ko an ba shi saƙo.

Wata tsohuwa mai fura ta leƙa kwalin, ta ja da baya. "A'uzubillahi! Malam, magani za a haɗa da ita?"

"Kiwonta nake, Inna. Ciwon ƙashi gare ta." Ya nuna mata salula. "Turawa sun rubuta cewa rashin hasken rana ke kawo shi. Shi ne na aika Yamai a sawo mata fitila ta musamman, mai haske irin na rana sak."

"Allah ya ba ta lafiya," in ji tsohuwar, tana sharce gumi.

Ina zaton tun da ya tsince ta a gona bai taɓa barin ta ta fita daga falo ba, don tsabar ƙauna.

Inuwar rumfa ta matsa, rana ta faɗa cikin kwalin. Hawainiyar tana jan jiki da ƙyar, tana miƙa wuya wajen hasken. Mutumin ya yi wuf ya buɗa lema ya kare ta.

"Yi haƙuri," ya ce mata. "Fitilarki tana hanya."